Tambayi Injiniya: Eriyar da ba ta kai biro ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni mai haɗa dish ne a nan Jos, shagona yana wajen Taminus, shekara goma sha ɗaya kenan ina hawa rufin mutane. Ƙanena yana karatu a Jamus, to a can ya shiga wani kulob na masu tuƙa jirgin nan mara inji da ake cewa gilaida, tun ranar da Hajiyarmu ta ji labari ba ta sake barci mai daɗi ba. Shekaranjiya ya turo min hoton wata na'ura a WhatsApp wai ita FLARM, wai tana yin ƙara in wani jirgi zai yi karo da kai, amma wai tasu tana hango na gaba tun daga kilomita 4, na baya da na ƙasa kuwa sai sun matso kamar kilomita 1, wai tunda ni ɗan eriya ne in ba shi shawara. Ni kuma wallahi eriyar da na gani a hoton ko tsawon biro ba ta kai ba, na rasa ta cewa, kuma ba na so girma ya faɗi a gaban yaro. A taimaka.
Mai dish, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, girma ba zai faɗi ba in sha Allah, don abin da ke damun na'urar nan kai ka fi ƙanen naka saninsa, sunan ne kawai ya tsorata ka.

Ka taɓa tsayawa da rana tsaka wajen duwatsun Shere ka ga shirwa goma sun taru wuri ɗaya suna ta zagaye suna yin sama ba tare da kaɗa fiffike ba? To iska mai zafi ce ke tashi daga ƙasa suka hau ta, kuma ita dai wannan iskar ce man fetur ɗin gilaida. Matsalar ita ce in mutum ɗaya ya samu wurin da iska ke ɗagawa, duk na kusa can za su nufa, sai ka ga jirage da yawa suna zagaye a wuri guda, dukkansu farare, sirara, ba ƙarar inji balle ka ji tahowar wani. Shi yasa karo a sama ya daɗe yana cin rayukan masu wannan wasa, musamman a tsaunukan Alfs. A 2004 wasu matuƙa uku a ƙasar Suwizalan, Urs Rothacher da Andrea Schlapbach da Urban Mäder, suka fito da FLARM.

Aikinta ba wuya. Tana da GPS, tana sanin inda jirgin yake da tsayinsa da gudunsa, sai ta lissafa inda zai kai nan da 'yan daƙiƙu, ta watsa wannan bayani ta rediyo kowace daƙiƙa, ta kuma saurari na sauran. In lissafinta da na wani suka nuna za a haɗu wuri ɗaya sai ta kunna fitila ta ɓangaren da haɗarin yake ta fara ƙara, gargaɗin farko wajen daƙiƙa 18 kafin karo, in abin ya matso ƙarar ta ƙaru. A Turai tana magana a kan zangon rediyo na megahaz 868, kuma ƙarfin watsawarta ɗan mitsitsi ne, na farkon nan kamar miliwat 10, wayar da ke aljihunka ta ninka ta sau da yawa. Tsofaffin suna kama kilomita 3 zuwa 5 in an haɗa su daidai, sababbin da ake kira PowerFLARM suna iya wuce kilomita 10.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi. Jirage biyu sun fuskanci juna kowanne yana gudun kilomita 150 a awa, an haɗa 300 kenan, wato wajen mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa 18 ta zama kilomita ɗaya da rabi. Kaga na'urar da ba ta jin kowa sai ya shigo kilomita 1, daƙiƙa 12 kacal ta bar wa mutum, a ciki zai ji ƙara, ya duba fitila, ya ɗaga kai ya nemo jirgin da idonsa, ya yanke shawara, ya juya. Wanda ke tahowa ta baya ba ya cin tazara da sauri haka, gaskiya ne, amma kilomita 1 ta ƙasa ni ba ta kwanta min ba, domin ƙasa da baya su ne daidai inda matuƙi ba ya gani dama.

Gajartar eriyar kuma ba laifi ba ne. Tsawon zango ɗaya a megahaz 868 kamar santimita 35 ne, kwatansa santimita 8 da rabi, irin wannan eriya kuma daidai kwatan ake yanka ta, shi yasa ka gan ta guntuwa, mai hannu biyu kuma takan kai kusan 17. Inda aka dasa ta shi ne maganar.

Ka ce ya fara duba ko a tsaye take. Siginar wannan eriya siffar ƙuli-ƙuli mai zobe gare ta, ka ɗauka ka zura tsinke ta ramin ƙuli-ƙulin, tsinken shi ne eriya, zoben shi ne inda sigina ke da ƙarfi, ta bakin tsinken sama da ƙasa kuwa kusan babu komai. In wani ya kwantar da ita don kar ta tare masa gani, ko murfin jirgin yana danne ta duk lokacin da aka rufe, to zoben ya miƙe tsaye, rabin ƙarfin yana tafiya sama da ƙasa, kuma ba ta jituwa da na sauran jiragen da suke a tsaye. Kai da kake murɗa LNB, wato kan da ke gaban dish, kaɗan kaɗan kana kallon sigina na hawa da sauka ai ka san wannan, abu ɗaya ne. Dama in jirgin ya karkace yana zagaye eriyar na karkacewa tare da shi, to ina ga wadda tun a ƙasa a kwance take.

Sai abin da ni na fi zargi a nasu, jikin jirgin da jikin ƙanen naka. Tsofaffin gilaida da yawa da faiba gilas aka yi su, sigina na ratsa shi ba matsala, amma na zamani da yawa kabon faiba ne, shi kuma yana tare sigina kamar kwanon rufi, ka tuna yadda netwok ke ɗaukewa in ka shiga shagon kwantena ka rufe ƙofa. Mafi yawa ana dasa eriyar a saman dashbod, gabanta fili ne sai murfin roba, shi yasa gaba take kilomita 4. A bayanta kuwa akwai mutum zaune, shi kuma jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne yana shanye sigina, bayansa ga batir ga ƙarafunan da suka riƙe fikafikai, ƙasanta ga na'urori da wayoyi ga cikin jirgin. Hoton da ya kwatanta maka hoton eriya ɗaya ce a dashbod, ban ga alamar na'urar ta lalace ba. Maganinsa eriya ta biyu, PowerFLARM tana da wurin sa ta, a dasa ta inda za ta ga baya da ƙasa, in jikin kabon ne ma sai a fitar da ita waje ta ƙarƙashin jirgin. Amma ka ja masa kunne, wannan ba rufin kwano ba ne da za ka ɗauko dirila ka huda, akwai mai duba jiragen kulob ɗin, sai da izininsa da sa hannunsa.

Kebul kuma ba sai na koya maka ba. Siririn nan RG174 yana cinye kusan desibel ɗaya a kowace mita a wannan zango, mita uku rabin ƙarfin ya tafi, to a gajarta shi ko a sa mai kauri, kar a lanƙwasa shi da ƙarfi, a duba kan ko ya saki. Na sha ganin an zargi na'ura mai tsada alhali kan waya ne ya yi tsatsa. Eriyar GPS kuma a ba ta tazara kamar santimita 30, ta kalli sama ba abin da ya rufe ta.

In sun gyara kar su yarda da ido, su yi tashi kaɗan, su kwashi fayil ɗin tafiyar su loda a shafin kamfanin, zai zana musu nisan da take kamawa ta kowace kusurwa, su gwada da na da. Hajiya kuma a gaya mata gaskiya, na'urar tana taimakawa sosai amma ba kowane jirgi take gani ba, idon yaron na nan da aikinsa. A gaishe ta.

TAMBAYA: Injiniya barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina ɗan wasa da jirgi mara matuƙi. Me yasa masu gilaida ba sa amfani da TCAS, na'urar hana karo irin ta manyan jiragen da ke sauka filin jirgin Heipang? Kuma in na sayo FLARM daga Amurka zan iya ɗaura wa nawa?
Ɗalibi, Unguwar Rogo

AMSA: Barka kadai ƙanena. TCAS tambaya yake aikawa a megahaz 1030, na'urar ɗaya jirgin da ake kira tiransfonda ta amsa a 1090, in abin ya yi tsanani har umarni yake ba matuƙi, hau ko sauka. Yana da tsada da nauyi da cin wuta, gilaida kuwa ɗan batir mai bolt 12 ne ke riƙe da komai yini guda. Ban da haka an gina shi don jiragen da bai kamata su kusanci juna ba sam, in ka sa shi cikin masu zagaye kusa da juna da gangan ihu zai yi ta yi har a kashe shi. FLARM ta san salon zagayen, kuma ba ta ba da umarni, nuna maka kawai take inda za ka duba.

Ta Amurka kuwa ka dakata. Tasu tana aiki tsakanin megahaz 902 da 928, a nan kuma wayoyinmu na GSM suna aikawa daga 890 zuwa 915, kaga an shiga gonar wani. Maganar zangon rediyo akwai hukumar NCC, maganar tashi da jirgi mara matuƙi kuma sai da izinin hukumar jiragen sama ta NCAA, kusa da filin jirgi ma kar ka soma. Ko duk ka samu takardun, ka tambayi kanka wa zai amsa maka a samaniyar Jos, tunda sai da wata irinta take hira. Kuɗin nan ka ƙara batir biyu, canjin ka biya kuɗin hoto na furojet.