In tasta bai kama ba, shi ke nan in taɓa waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin wayarin a Kano. Maigidana yakan ce in an ɗauke wuta mu yi sauri mu gama aiki, in kuma akwai wuta sai in sauke bireka, in ɗora tasta, in bai kama ba in ci gaba. Malam, wannan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ƙanena, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin wani abu ya faru.

Aiki don an ɗauke wuta shi ya fi tayar mini da hankali. KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ba ta san kana riƙe da waya ba, kuma ba ta yin sallama kafin ta dawo da wuta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta layi uku kuwa kusan 400. Abin da ke rikita bugun zuciya bai taka kara ya karya ba: miliamfiya (ƙaramin ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 50 zuwa 100 in ta ratsa ƙirji tana iya kisa, shi ya sa birekan kariya na gida ake yin sa ya faɗi a miliamfiya 30. Ga shi kuma wutar kan damƙe tsokar hannu, mutum ya kasa sakin wayar.

Sannan gidajen yanzu ba ƙofa ɗaya wuta ke shigowa ba. Akwai janareta, akwai inbata da batir, akwai sola. Sai ka sauke birekan NEPA, inbata na can ɗaki tana ciyar da soket ɗin da kake kwancewa. Ko yaron gida ya tayar da janareta alhali an haɗa shi ba tare da makunnin canja layi ba. Farantin sola kuwa muddin rana na dukansa yana ba da wuta, ko ka kashe komai na cikin gida. Don haka kafin ka taɓa sukundireba, zagaya gidan, tambayi masu shi, ka gano kowace hanya, ka yanke ta.

In ka yanke, ka kulle. Ka sa kwaɗo a birekan ko a akwatinsa, makulli a aljihunka, ka liƙa takarda cewa ana aiki. In katawut ka zare, wato mazaunin fiyus na inda wuta ke shigowa gida, fiyus ɗin ya tafi da kai. Kada ka dogara da "na gaya musu kar su kunna", domin wanda zai kunna galibi ba ya nan lokacin da ka faɗa.

Tastan nan mai kama da sukundireba, jikinka wuta take bi ta sauka ƙasa kafin ƙwansa ya haska. In kana kan tsanin katako, ko ka sa takalmin roba, ko kana cikin hasken rana, yana iya ƙin nuna komai alhali waya na cike da wuta. Ƙwan ma yakan mutu ba ka sani ba. Abin da ya dace shi ne na'urar gwaji mai baki biyu. Mitar gwaji ta hannu (multimita) ma tana yi, amma sau da yawa akan bar ta a saitin da ba shi ba, ta nuna sifili.

Ga yadda ake yi. Ka fara gwada na'urar a wurin da ka tabbata akwai wuta, ka ga ta nuna. Sai ka je inda za ka yi aiki, ka gwada tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda wutar ke komawa ta cikinta), layif da wayar ƙasa (ta kariya), nutural da wayar ƙasa. A layi uku gwajin guda 10 ne. Sai ka koma wurin farko ka sake gwada na'urar, don ka tabbata ba lalacewa ta yi a tsakani ba. Wannan komawar ita mutane ke tsallakewa, kuma in babu ita shirun na'ura bai gaya maka komai ba.

Kada launin waya ya yaudare ka. Ja da baƙi ne ko ruwan ƙasa da shuɗi, wanda ya riga ka aiki yana iya juya su, ko ya sa makunni a kan nutural, ƙwai ya mutu amma mazauninsa na da wuta. Kafasito (ƙaramar ma'ajiyar caji) na inbata da na na'urar sanyaya ɗaki ma suna riƙe caji bayan an kashe, sai a ba su lokaci, a gwada.

Maigidanka kuwa, kada ka yi masa gardama a gaban mai gidan da kuke yi wa aiki. Ka same shi ku biyu, ka ce, "Oga, ina so in sayi kwaɗo da na'ura mai baki biyu, ka nuna mini yadda ake gwaji da ita." Kuma ko shi da bakinsa ya ce ya kashe layin, ka gwada da hannunka kafin ka taɓa.