Amsa ga Kawu a Gusau Kan Shekararmu ta Afrilu

Kawu, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Ka tambayi dalilin da ya sa na ce sai shekara ta ƙare zan san abin da zan iya bayarwa na ginin Islamiyya, alhali muna cikin Fabrairu, kuma na ji cewa a majalisarku har an yi dariya, wai zaman Ingila ya raba mu da lissafin watanni.

Shekarar haraji nake nufi. A nan tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun gaba, kuma da yake ta taɓa shekara biyu, da lamba biyu ake rubuta ta, kamar 2024/25. Mu masu sana'ar kanmu, direbobin tasi da masu shaguna, da ita muke rufe littafi mu ware riba daga uwar kuɗi, sannan wa'adin biyan harajinta shi ne 31 ga Janairun da ke biye, shi ya sa Fabrairu kan same mu da aljihu babu nauyi. Ita gwamnati kuwa nata kasafin daga 1 ga Afrilu yake zuwa 31 ga Maris. Asalin wannan rana mara kan gado shi ne a da Turawan Ingila ranar 25 ga Maris suke shiga sabuwar shekara, da aka gyara kalanda a 1752 aka tsallake kwana 11, sai baitulmali ta ƙi yarda ta yi asarar harajin waɗannan kwanaki, ta tura ranar rufe lissafinta gaba. Na Amurka ya fi rikitarwa, domin shekarar gwamnatinsu a 1 ga Oktoba take farawa, kuma sunan shekarar da za ta ƙare a ciki take ɗauka, wato ta 2025 tun Oktoban 2024 ta kankama.

Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne masu dariyar sun manta cewa Nijeriya ma daga Afrilu zuwa Maris take kasafinta har zuwa 1980, lokacin Shagari, kafin a mayar da shi Janairu zuwa Disamba. A kan wannan lissafi baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta riƙa tara haraji da jangali, kuma marigayi Baba, da ya yi malamin haraji, har ya bar duniya idan ya ce ƙarshen shekara Maris yake nufi, ba a kuwa taɓa cewa ya daina zama Bahaushe ba.

Zakka dai ba mu taɓa haɗa ta da Afrilu ba. Ranar da dukiya ta kai nisabi muke riƙewa, mu ƙirga wata goma sha biyu na Hijira, kuma mun san tana rigan shekarar Turawa cika da kwana 10 ko 11. Matar ɗana, wadda har yau wasu a gida ba sa ambaton ta sai da “Baturiyar nan”, ita ce akawun gidanmu. Littafi biyu take ajiyewa, na hukuma da na zakka, kuma ita ke tuna mini idan Rajab ya kama, tunda a cikinsa shekarata take cika. Ta musulunta tun kafin su haɗu, tana kuma durƙusawa ta gaishe ni da Hausarta mai tsami.

Inda zan yarda da ku shi ne wajen jikoki. Sun san Ramadan da Zulhajji, amma idan na ce watan cika-ciki ko watan azumin tsofaffi sai su tsaya suna kallona. Sai dai ka jarraba samarin Tudun Wada da Sabon Gari da wannan tambaya, Kawu, ka faɗa mini nawa suka amsa ba tare da sun duba waya ba.