Sabar Ollama Ta Ƙi Karɓar Saiti

Tambaya: Malam, na girka Ollama, manhajar da ke gudanar da ƙirƙirarriyar basira, a kwamfutar shagonmu da ke Ƙofar Ƙaura, Katsina, domin abokan aikina su riƙa amfani da ƙirƙirarriyar basira, amma babu wanda ya iya shiga daga tasa kwamfutar, alhali na rubuta saitin da umarnin export.

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar tana wajen saitunan muhalli, wato sunayen da manhaja take karanta ƙimarsu sau ɗaya lokacin da ta tashi. Ollama tana sauraro ne a 127.0.0.1 ta ƙofa mai lamba 11434, ma'ana kwamfutarka kaɗai take amsa wa. Abin da ka rubuta da export kuwa yana mutuwa da zarar ka rufe tagar umarni, kuma bai taɓa isa ga sabar ba, wato ɓangaren Ollama da ke amsa buƙatu, domin a tsarin Linux systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji, ne yake tayar da ita.

Ka rubuta umarnin systemctl edit ollama.service, a fayil ɗin da zai buɗe, ƙarƙashin [Service] ka sa Environment="OLLAMA_HOST=0.0.0.0", domin ta riƙa amsa wa sauran kwamfutoci, sannan ka sake tayar da ita. Ina roƙonka ka taƙaita ƙofar ga kwamfutocin shagon kawai, domin Ollama ba ta tambayar kalmar sirri.