Hukuncin ribar kwangilar ciyar da fursunoni

Tambaya: Malam, kamfaninmu a Sakkwato yana neman kwangilar kai abinci gidan gyaran hali. Wasu sun ce cin riba a kan ɗaurarru haramun ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kwangilar halal ce, ribarta ma halal ce. Ciyar da ɗaurarre nauyi ne a kan baitulmali, kuma hukuma tana da damar sayen abincin daga ɗan kasuwa. Jinkirin biya bai ɓata cinikin ba, domin malamanmu Malikawa sun halatta saye daga mai sana'ar yau da kullum, kamar mai burodi da mahauci, yana kawowa kowace rana, a biya shi daga baya. Sharaɗi shi ne a san farashi, a san nau'i da awo, kuma a fara kai kayan ba da jan lokaci ba.

Haramcin a wajen awo yake shigowa. A shekarar 2024 gwamnati ta ɗaga kuɗin ciyar da mutum ɗaya daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Kafin ka sa hannu, je kasuwa ka yi lissafin gero, shinkafa, wake, manja, itace da kuɗin mota. In ka ga ba za ka ci riba ba sai ka rage tiya, ko ka kai waken da ƙwari suka ci, ka bar kwangilar. Wannan tauye mudu ne da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko, kuma wanda aka tauye a kulle yake, ba shi da wata kasuwar da zai nufa. Matar da hadisin Buhari da Muslim ya ce ta shiga wuta, kyanwa ta kulle ta hana ta abinci, balle ɗan Adam.

Ɓarnar daɗaɗɗiya ce. Alƙali Abu Yusuf ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a riƙa ba fursunoni dirhami duk wata, don in gurasa aka ware musu, masu gadi za su kwashe.

Tunda da yawan kawuna ake biya, karɓar kuɗin wanda aka riga aka sallama cin haram ne. Ba jami'i wani kaso don ya sa hannu a kan kayan da ba su cika ba rashawa ce, ku biyun kuna cikin la'ana. Ka ajiye littafin awo, kowace rana a auna gaban shaidu biyu.

Wallahu a'alam.