Matuƙi da abin da ya gani bai gane ba

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka kawo mini wannan tambaya maimakon ka haɗiye ta. Ka ce wani cikin waɗanda suka riga ka fara tuƙin jirgin sama ya ja ka gefe, ya ce al'adar matuƙa ce in mutum ya hango wani abu a sama bai gane shi ba, ya kama bakinsa, kada a ce kansa ya taɓu. Kana so ka ji ko haka abin yake tun zamaninmu.

Haka yake, ba zan ɓoye maka ba. Na tarar da wannan al'ada, na yi shekaru a hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage tana gefena, kuma har na ajiye aiki ban ga ranar da ta yi wa wani ba.

Akwai daren da ba na mantawa. Lokacin hunturu ne, hazo ya ɗan lafa, sai wani matuƙi ya kira ni yana tambaya ko akwai jirgi ta damansa, sama da shi kaɗan. Na duba rada, na duba takardun jiragen da ke hannuna, babu kowa. Na gaya masa. Ya yi shiru, ina jin numfashinsa a rediyo, can sai ya ce in bar maganar. Da ya sauka na same shi da kofin shayi, hannunsa na rawa har shayin na zuba. Na ce ya rubuta rahoto. Ya dube ni ya ce iyali gare shi, ba ya son a tura shi wurin likita.

Tsoronsa yana da tushe. A watan Nuwamba na 1986, Kyaftin Kenju Terauchi yana tuƙa jirgin kaya na Japan Airlines a sararin Alaska, ya ga fitilu na bin sa, ya faɗa wa hasumiya, daga baya ya faɗa wa 'yan jarida. Sai aka sauke shi daga tuƙi aka ba shi aikin ofis, ya daɗe kafin a mayar da shi. Irin wannan labari kowane matuƙi ya ji shi, shi ya sa bakuna suka rufu. Mu ma a gida mun saba, wanda ya ce ya ga wuta na tafiya a sama da dare, nan take a ce gamo ya yi.

Amma ka lura da abu guda. Mu ma'aikatan jirage ba ruwanmu da gardamar ko abin daga wata duniya ya zo. Damuwarmu ita ce akwai wani abu a hanyar da jirgi mai ɗauke da rayuka zai bi, hasumiya kuma ba ta san da shi ba. Ko balan-balan ne, ko jirgi marar matuƙi, in ya shiga injin ɓarnar ɗaya ce. A 2021 ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya fitar da rahoto kan gani 144 na abubuwan da ba a gane ba a sama, ɗaya tak aka iya tantancewa, shi ma balan-balan ne da iskarsa ke fita. A ciki har sau 11 matuƙa suka ce saura ƙiris su yi karo da abin. Rahoton da kansa ya ambaci tsoron tsangwama cikin abubuwan da ke hana mutane magana.

Wani lokaci ma ba abin ne ke kisa ba, hankalin matuƙi ne ke tafiya gare shi. A Janairun 1948 Kyaftin Thomas Mantell ya bi wani farin abu a sararin Kentucky, ya yi ta hawa ba shi da iskar shaƙa, ya suma, jirgin ya faɗo da shi. Da farko an ce tauraruwar Zara ya bi, daga baya aka fi karkata ga cewa wani katon balan-balan ne na sojan ruwa da ake gwajinsa a asirce.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai kuwa babu wani abin al'ajabi a cikinsa. Ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki dutse a jihar Virginia ta Amurka yana shirin sauka a filin Dulles, mutum 92 suka rasu, saboda matuƙan sun yi wa umarnin hasumiya wata fahimta dabam. Da aka bincika sai aka gano makonni shida kafin nan jirgin kamfanin United ya tsallake wannan dutsen da kyar, da irin wannan kuskure. Matuƙansa sun faɗa, amma maganar ta tsaya a cikin kamfaninsu. Wannan ne ya sa a 1976 aka buɗe tsarin kai rahoto a ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, inda ake cire sunan mai rahoto kafin a yaɗa abin da ya faɗa. Duk lokacin da na tuna mutanen nan 92, sai in tuna mutumina mai kofin shayi, da jirgin da ya biyo bayansa ta hanyar nan ba tare da an gargaɗe shi ba.

Don haka in Allah ya sa ka ga wani abu, ka riƙe jirginka tukuna, kada ka bi shi, kada ka ƙura masa ido ka manta da na'urorinka. Ka kira hasumiya ka faɗi tsayinka, da gefen da abin yake, da inda ya nufa. Ka duba agogo. Kana sauka ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, launi da motsi da daɗewa, ba tare da ka sa masa suna ba. In ya tabbata jerin taurarin ɗan Adam na Starlink ne, to alhamdu lillahi, an rage wa wani matuƙin firgita.

Shi kuma wanda ya ja ka gefe, kada ka yi masa rashin kunya, gaba yake da kai. In kun zauna ka ba shi labarin dutsen Virginia. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.