Tambaya da Amsa: futur antérieur na Faransanci, da kalmar "idan" da take kayar da mu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya akan Faransanci. Ni ɗaliba ce kusan shekara biyu kenan ina koyon yaren, passé composé na iya shi daidai gwargwado futur simple ma haka, amma tunda muka zo kan wannan futur antérieur ɗin kaina ya kulle gaba ɗaya. A jarrabawar gwaji na rubuta "Quand j'ai fini, je viendrai" malaminmu ya ja min jan biro yace kuskure ne, da sati ya zagayo dan in gyara sai na rubuta "Si j'aurai fini, je viendrai" nan ma ya sake ja. Toh wanne ne daidai kenan? wallahi har na fara tunanin ko ni ce bana ganewa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba kanki bane yake da matsala, Hausa ce ta kayar dake har sau biyu kuma da kalma ɗaya, wato "idan". Amma bari mu fara da yadda ake haɗa shi tunda wannan ɗin ba wuya.

Futur antérieur guda biyu ake haɗawa, kamar dai passé composé da kika ce kin iya. Ki ɗauko avoir ko être ki saka shi a futur simple, sai ki liƙa masa participe passé, wato kalma irin fini ɗin da ke cikin j'ai fini, shikenan. Na avoir: j'aurai, tu auras, il aura, nous aurons, vous aurez, ils auront. Na être: je serai, tu seras, il sera, nous serons, vous serez, ils seront. Kinga inda a da kike cewa j'ai fini yanzu j'aurai fini zaki ce, inda kike cewa je suis partie ya koma je serai partie. Abu ɗaya kawai ya canja. In korewa ce, kalmomin "ne" da "pas" su rungume mataimakin kaɗai, wato avoir ko être: je n'aurai pas fini.

Ma'anarsa kuma, aiki ne wanda yanzu ba a yi shi ba, amma kafin wani lokaci a gaba zai zama an riga an gama shi. Demain à midi, j'aurai fini, wato gobe kafin sha biyun rana na gama. Ki lura da Hausar nan da kyau, cewa nayi "na gama", ban ce "zan gama" ba, alhali maganar gobe nake. Mu a Hausa haka muke yi, shuɗaɗɗen lokaci muke ɗaukowa mu kai shi gaba, sai kalma irin su "kafin" ko "idan" ko "da zarar" ta nuna cewa abin bai faru ba tukuna. In na gama zan zo. Kafin ka iso mun tafi. Babu Bahaushen da zai ce "in zan gama zan zo" yana nufin wannan ma'anar. Shi yasa hannunki da kansa ya rubuta quand j'ai fini, Hausar da take kanki kika juya kalma bayan kalma. Shi kuwa Faransanci baya yarda, in dai ɗaya ɓangaren jimlar yana futur to ɓangaren quand ma dole ya nuna gaba: Quand j'aurai fini, je viendrai. Haka yake da lorsque, dès que, aussitôt que, une fois que da après que. Dès que tu seras arrivé, appelle-moi, da zarar ka isa ka kira ni. (Gaskiya a hira zaki ji masu yaren suna cewa quand j'ai fini, je viens, amma kinga can ɗin présent ne a gaba ba viendrai ba, kuma ni ban baki shawarar kai shi ɗakin jarrabawa ba.)

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. "Idan" ɗinmu aiki biyu take yi a lokaci guda bamu ma lura. In nace miki "idan rana ta faɗi zan zo", ai babu shakka rana zata faɗi, lokaci kawai nake jira. In kuma nace "idan na samu dama zan zo", wannan sharaɗi ne, ƙila in samu ƙila kar in samu. Kalma ɗaya ce a bakinmu, su kuma sun raba ta gida biyu, ta farko quand ta biyu si, kuma dokokinsu a juye suke. Quand tana son futur, si ta sharaɗi kuma bata haɗa hanya da futur sam, ko simple ko antérieur. Dan haka jimlarki ta biyu Si j'ai fini, je viendrai ya kamata ta zama. Abin dariyar shine j'ai fini ɗin da kika rubuta a satin farko da si ya dace, j'aurai fini na sati na biyu kuma da quand, musanya su kawai kika yi. Malaminku yayi daidai duka biyun, sai dai da ya gaya miki dalili maimakon jan biro kawai da tuni an wuce wurin.

Abinda nake ba ɗalibaina shawara, kafin ki rubuta ki cire "idan" ki gwada saka "da zarar" ko "lokacin da". In ta zauna lafiya quand ce. In kuma "in har" ce tafi zama to si ce.

Wani wuri ɗaya da zaki ga si da futur antérieur tare kar ki ce an yi kuskure: Je ne sais pas si j'aurai fini. Wannan si ɗin ba "idan" bace, "ko" ce, ban sani ba ko zan kai ga gamawa. Anan Hausa ce ma take taimakonmu dan mu dama kalmomin a rabe suke.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matsalata être da avoir ne, kullum sai na tsaya ina canki-canka, ga kuma wannan e da s da ake ƙarawa a ƙarshe ban san yaushe ake sawa ba.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Babu sabuwar doka anan, duk aikatau ɗin da yake tafiya da être a passé composé da shi zai tafi a futur antérieur. Mafi yawa avoir ne. Na être 'yan kaɗan ne gara ka haddace su kawai: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, naître, mourir, rester, tomber, retourner, da 'yan uwansu irin su devenir, revenir, rentrer. Sai kuma duk masu se a gaba, kamar se lever, je me serai levé. Da être yawanci participe yana bin jinsi da adadin mai aikin: il sera parti, elle sera partie, ils seront partis, elles seront parties. A baki duk huɗun ƙarshensu sauti ɗaya ne, a rubutu ne ake kama mutum. Da avoir ba'a ƙara komai sai in karɓau, wato abinda aikin ya faɗa wa, ya riga participe ɗin zuwa, misali la lettre que j'aurai écrite. Ka kiyayi sortir, monter, descendre da rentrer, in suka ɗauki karɓau sai su koma avoir, elle sera sortie amma elle aura sorti la voiture. Être kansa ma avoir yake ɗauka, j'aurai été. Ni a ganina participe marasa bin doka sun fi wannan wahala, pris, mis, fait, dit, vu, lu, eu, ouvert, né, mort, waɗannan ba dabara sai maimaici.

Tambaya: Salam Malam, a wani labari na ga an rubuta "Il n'est pas venu, il aura oublié". Ya akai futur ya shigo abinda ya riga ya wuce?

Amsa: Madalla da wannan lura. Anan ba maganar gaba ake ba, zato ne, kamar kace "bai zo ba, ƙila mantawa yayi" ko "halan ya manta". Mai maganar bashi da tabbas amma abinda yafi rinjaye a ransa kenan. A hira yawanci il a dû oublier zaka fi ji. 'Yan jarida kuma suna amfani dashi in suna waiwayen abu gaba ɗayansa, irin cette année aura été difficile. Sai dai ka duba da kyau kar ka haɗa shi da il aurait oublié, wannan conditionnel passé ne, "da ya manta" ko "wai ya manta". A wurin je ne suka fi rikitarwa dan j'aurai da j'aurais harafi ɗaya ne tsakaninsu kuma mutane da yawa furuci ɗaya suke musu, in ka rikice ka mayar da jimlar zuwa nous, aurons ko aurions, kunnenka zai gaya maka wanne kake nufi.