Me Ya Sa Masu Sayen Cips Ɗina Suka Nace Wa Kecap Ɗin Kamfani Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Unguwar Rogo a nan Jos, ina soya cips da ƙwai da kaza. Yawancin masu saye ɗaliban jami'a ne da iyayen da ke saya wa yara. Tun da na fara, kecap ɗin Heinz nake zubawa. Da ya yi tsada sai na koma wani mai sauƙin kuɗi, ƙorafi kuwa ya yi yawa, har wasu na cewa gara in ba su gayan cips. Ni na lasa ban ji wani bambanci na a-zo-a-gani ba, duk ja ne, duk tumatir ne. Shin da gaske akwai bambanci, ko suna ne kawai yake ruɗar mutane? Wata ƙawata ta ce in riƙa juye mai arahar a tsohuwar kwalbar, wai ba wanda zai gane.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Masu ƙorafin nan ba sharri suke yi miki ba, ke ma kuma harshenki lafiyarsa ƙalau. Bambancin yana nan, sai dai wani sashe nasa a cikin kwalba yake, wani sashen kuma a bakin mai ci. Ina kyautata zaton ke da yaji ko miyar ja kika saba cin dankali, saboda haka duk kecap ɗin da kika lasa tumatir da sukari kawai za ki ji. Ɗalibar da tun tana firamare take dangwala cips a iri ɗaya kuwa ma'auni ne da ita a baki, da abu ya kauce masa za ta ji. Sannan ke a cokali kika lasa, su kuma da cips mai zafi, mai maiƙo da gishiri suke ci, kuma a nan ne halin kecap yake fitowa.

Kayan haɗinsa ba su da yawa: tumatir da aka dafa ya ƙone ruwansa, ruwan khal, sukari, gishiri, albasa da kayan ƙamshi irin su kanumfari. Amma dubi abin da suke yi wa harshe. Ga zaƙi, ga tsami, ga gishiri, ga ɗan ɗaci-ɗacin kayan ƙamshi, shi kuma nunannen tumatir yana ɗauke da wani sinadari da ake kira gulutamet. Shi ne yake sa miya ta yi armashi in an sa daddawa, kuma shi ne ainihin farin magi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa wannan sinadarin yana da ɗanɗano nasa na kansa, wanda yanzu ake lissafawa na biyar. Ba kasafai ake samun abin da yake taɓa duka biyar ɗin a lasa ɗaya ba.

Kowane kamfani yana da waɗannan kaya. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗuwarsu. Kin san miyar da aka sauke da wuri: gishiri daban, tsamin tumatir daban, mai yana yawo a sama. Wadda ta dahu ta haɗe jikinta kuwa ba za ki iya nuna abin da ya fi fitowa ba, daɗi kawai za ki ji. Haka kecap yake. A wasu, zaƙi ne yake fara dukan harshe, can kuma sai khal ya shaƙe ki, ko ƙamshin kanumfari ya tsaya shi kaɗai a maƙogwaro. A wanda aka daidaita da kyau duk tare suke zuwa. Tsamin ma aiki gare shi: shi yake yanke maiƙon cips, ya hana shi ginsar mutum. In tsami ya yi kaɗan zaƙi ya yi yawa, kafin a kai rabin faranti an fara ture shi gefe, kuma mai cin ba lallai ya san dalili ba, cewa kawai zai yi “yau abin ba daɗi.”

Yadda Heinz ya samo nasa haɗin yana da ɗan tarihi. Henry Heinz ya fara sayar da kecap a 1876 a yankin Pittsburgh na Amurka. A wancan zamani yawancin kecap tsululu ne, da yawa daga ragowar tumatirin masana'antun gwangwani ake yin sa, a zuba rini don ya yi ja, a sa sinadarin benzowet don kada ya lalace. Da aka taso wa masu irin wannan haɗi, har aka kafa dokar tsabtar abinci da magunguna a 1906, sai Heinz ya bi wata hanya: ya daina sa benzowet, ya koma amfani da tumatir nunanne sosai, ya ƙara khal da sukari don su tsare kecap ɗin daga ruɓewa. Maganin lalacewa aka nema, sai aka dace da ɗanɗano mai kauri, mai zaƙi da tsami, wanda daga baya duniya ta ɗauka cewa shi ne kecap. Sauran kamfanoni da shi ake auna su har yau.

Sai maganar kauri, wadda a ganina ita ce abin da masu sayenki suka fara lura da shi tun kafin su kai baki. Ki ɗiga cokali ɗaya na kowanne a farin faranti ki bar su minti biyar. Mai kyau zai tsaya a tsibe, yana sheƙi. Wani zai baje, ki ga wani siririn ruwa ja-ja ya kewaye shi. Wani kuma zai tsaya cak amma in kin ja cips a ciki ya biyo shi da yauƙi, ya bar santsi a harshe. Na farkon kaurinsa daga tumatir ne, domin nunannen tumatir yana da fektin, sinadarin da ke riƙe ruwa. Na ƙarshen kuwa galibi da sitaci aka kaurara shi saboda tumatirinsa ya yi kaɗan, kuma sitaci yana dushe ɗanɗano. A jikin kwalbar Heinz da ake sayarwa a Ingila an rubuta cewa giram 148 na tumatir ne ke shiga kowane giram 100 na kecap. Masana'antu ba sa barin wannan ga ido: akwai wani ɗan kwararo na ƙarfe mai suna Bostwick da ake zuba kecap a ciki, a buɗe ƙofarsa, a auna santimita nawa ya gangara cikin daƙiƙa 30. In ya wuce iyaka, ba a ɗura shi.

Wannan awon ne yake kawo abin da ya fi ɗaure mutane: rashin canzawa. Tumatirin da kike sayowa a kasuwar Farin Gada na rani daban, na damina daban, wani kwandon ya fi wani tsami. Babban kamfani yana auna zaƙi da tsami da kaurin kowace dahuwa ya gyara ta, har kwalbar bana ta zama ɗaya da ta bara. Harshe kuwa in ya yi shekaru yana samun abu ɗaya tak, haddace shi yake yi.

Daga nan muka shigo sashen da ke bakin mai ci. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana sa a so shi, ko da ba a ƙara masa komai ba. A yara abin ya fi tsanani. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancinsu suna ƙyamar baƙon abinci, kuma masu bincike kan ciyar da yara sun ga yakan ɗauki ɗanɗanawa sau 8 zuwa 15 kafin yaro ya karɓi sabon abu. Kecap a wurin yaro abokin tafiya ne, shi yake shafa wa abin da bai yarda da shi ba don ya zama sananne. In kika canza masa shi, kin ɗauke abin da ya dogara da shi a farantin. Shi kansa Heinz ya fito da koren kecap a 2000, daga baya har da shuɗi da wasu launuka. An yi rububinsu da farko, amma zuwa 2006 an daina yin su, jama'a suka koma wa jan da suka sani.

Suna ma yana da nasa rabo, ba zan ɓoye miki ba. A 2004 wasu masu bincike a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Houston sun ba mutane Coca-Cola da Pepsi ba tare da tambari ba, zaɓin ya rabu kusan daidai. Da aka nuna tambarin Coca-Cola sai aka fi karkata ga kofin da ke ɗauke da shi, kuma na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sashen tuna baya ya shiga aiki. Wato mai ci ba ƙarya yake ba in ya ce ya fi daɗi, abin da ya gani ya gauraya da abin da ya ɗanɗana. Sai dai wannan soyayya ba aure ba ce. A Kanada, bayan Heinz ya bar masana'antarsa ta garin Leamington a 2014, wani rubutu da ya bazu a Facebook a 2016 ya sa jama'a suka yi tururuwa zuwa kecap ɗin French's, saboda da tumatirin manoman wannan garin ake yin sa. An ba su dalili, sai harshen ya bi.

Shawarar ƙawarki kam ban goyi baya ba. Algus ne, kuma a unguwar ɗalibai rana ɗaya wani zai ga ana juyen, kafin magariba labari ya gama hostel. Ban da haka, tsohuwar kwalbar da ake ta ƙara wa sabo a kan ragowar tsoho takan fara tsami, ki buɗe murfi ki ji iska ta fita fuss, ki ga kumfa a wuyanta.

Abin da ya fi shi ne ki gwada su a makance. Ki samo iri biyu ko uku masu sauƙin kuɗi. Ga kowane mai gwaji ki ajiye ƙananan robobi uku marasa rubutu, biyu ɗauke da iri ɗaya, ta ukun da ɗaya irin, ki ba shi cips mai zafi ki ce ya nuna wadda ta fita daban. Da wannan hanyar masana'antu suke gwaji. Ko da canki-canka ake yi, mutum ɗaya cikin uku zai dace, saboda haka in kin gwada mutum 12 aka samu 4 ko 5 kacal suka gane, wannan irin ya yi kusa da wanda suka saba ƙwarai. In kuwa 9 ko 10 suka cafke shi, ki bar shi a kanti. Kafin ma ki saya ki juya bayan kwalbar: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In ruwa ko sukari ya riga tumatir, ko kika ga sitaci a sahun gaba, kin san abin da za ki tarar. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

In kin samu wanda ya yi kusa, kada ki sauya dare ɗaya. Ki riƙa zubawa a 'yan robobin miya, kashi ɗaya na sabon a kashi uku na tsohon, bayan makonni ki kai rabi da rabi, a haka har bakinsu ya bi. Wanda ya tambaya ki gaya masa gaskiya. Wanda ya ce shi sai Heinz zalla, ki ajiye masa kwalba ɗaya da ɗan ƙarin kuɗi. Iyayen yara kuma ki ɗan ja kunnensu: babban cokali ɗaya na kecap yana ɗauke da kimanin giram 4 na sukari, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, ga gishiri a kan na cips.

Kuma tunda a Jos kike, dankalin Bokkos da Mangu a ƙofar gida, tumatir kuma yana araha da rani, ba laifi ki gwada naki. Ki zaɓi mai tsoka da ya nuna jajir, irin wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, ki markaɗa da albasa, ki tace ƙwallaye da ɓawo, ki dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ki sa sukari da gishiri da ɗan kanumfari, khal ya zo daga ƙarshe don kada tsaminsa ya gudu da tururi. Ba zai yi kama da Heinz ba, kada ma ki sayar da shi a matsayin haka. Ki ce haɗin gida ne, har da ɗan attaruhu in kin so. Tunda ba ki da abin auna tsaminsa, a firij zai zauna, kuma in wuta na wasa a layinku ki dafa na kwana biyu ko uku kawai.